Taurari Hamsin Ba Ɗaya

Shekara goma sha bakwai ban taka keke ba,
tun da na rufe shagona a Funtuwa
na zo Greensboro ina jera kwalaye a sito.
Sai ga Barira ta dawo daga makaranta
da tuta a kumatu, an zana mata da fenti,
hannu a ƙirji, tana rera abin da ban gane ba.
Shekararta bakwai. A nan aka yanke mata cibi.
Na dube ta, na ce, to.

Madam Odessa ta gidan kusa ta ara mini kekenta,
tsoho, baƙi, mai tari irin nawa.
Ta nuna mini yadda suke yi a nan:
ƙyallaye a sama, auduga a tsaka, shafi a ƙasa,
a bi da allura har uku su zama ɗaya.
Na yi ta gyaɗa kai kamar sabon yaron shago.
Ban gaya mata angwaye nawa na yi wa aska takwas ba.
In ka je gari ka ga kowa da jela,
kai ma nemo taka ka ɗaura.

Ban sayi yadi ba.
Shuɗin, rigar asibitin uwarta ce,
wadda aikin dare ya cinye wa gwiwar hannu.
Jan kuwa zanen Tasalla ne, Allah ya jiƙanta;
na daɗe da almakashi a buɗe kafin in iya sa shi.
Farin, tsohuwar rigata ta Juma'a,
da tabon goro a ƙirji
wanda sabulun ƙasa biyu ya kasa.

Ratsi ba wuya, layi ne, ɗan koyo ma ya iya.
Taurari suka ba ni kashi.
Kowanne da tsini biyar, kowane tsini da taurin kai,
ga ido ya fara yi mini rowa,
zare ya zo bakin kafar allura ya ƙi gaisawa.
Ina yin uku bayan isha'i, wani daren biyu,
wani daren in warware na jiya.
Farin ya ƙare a na arba'in da tara.
Na juya ragowar, na auna, na sake juyawa:
ko kunnen tauraro ba zai fita ba.

Shafin ban yi shawara da kowa ba.
Kore, fari, kore,
daga labulen da muka zo da shi a ƙasan akwati.
Wanda ya leƙo ɗakin zai ga Amurka a shimfiɗe.
Abin da zai taɓa fatarta da dare, ni na sani.

Ranar huɗu ga Yuli, kafin a fara wasan wuta,
na miƙa mata a cikin ledar kanti.
Ba ta ce ya yi kyau ba.
Ta baje shi a ƙasa ta durƙusa,
ta sa yatsa tana ƙirga da Turanci,
ta kai ƙarshe, ta koma farko.
"Kaka, saura ɗaya. Ka manta da jiha guda."
Na ce, wacce?
Ta yi tunani har goshinta ya tattare.
"Wadda ba mu taɓa zuwa ba."

Da aka fara harbe-harben sama
ta ja shi ta rufa har ka, ita da kyanwar maƙwabta.
Daga ciki na ji muryarta a toshe:
"Kaka, nan cikin kore ne!"
Na ce, haka ne. Yi hankali da gefen hagu,
ina jin na bar fil a wurin.